Jan Mai a Ƙarƙashin Motar Arlene

Vernon Haskett ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar da ake haɗa akwatin giyar mota a garin Kokomo, amma in ka ce ya faɗa maka abin da ke cikin akwatin, magana ba za ta yi nisa ba. Aikinsa ɗaya ne tak. Giyabos, wato akwatin, zai iso gabansa a kan layi, a kife, ya ɗora masa tasar ƙarfen da ke riƙe mai, ya ɗaure noti goma sha uku da injin iska, ya tura wa na gaba. Da haka ya yi aure, da haka ya gina gida, da haka furfura ta same shi. Abin da ya fito da shi daga wurin, ban da fansho da agogon bango da aka ba shi ranar sallama, shi ne yatsun da ba sa ji. Girgizar injin ta fara cinye su, ciwon suga ya zo ya ƙarasa. Yakan ɗauki kofin kofi mai zafi, sai ya ga fatar ta yi ja kafin ya san ta ƙone.

Matarsa Arlene ta riga shi mallakar mota. A shekarar 1975, lokacin da fetur ya yi tsada kowa yana neman kai da manyan motoci masu shan mai, ta sayi wata ƙirar 1970 a hannun wani mai aski. Ƙofa biyu gare ta, da dogon bonet, koriya mai duhu da baƙin zane biyu tun daga hanci har wutsiya, ga inji mai silinda takwas wanda in aka tayar da shi sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Arlene tana da shekara ashirin da biyu a lokacin. A cikin motar take zuwa ƙofar masana'anta ta ɗauki Vernon in an tashi, abokan aikinsa suna yi masa ihu, “Yi sauri, uwar ɗakinka ta iso!” Shi dai murmushi yake yi, ya zagaya ya shiga gefen fasinja. Nan ne wurinsa, kuma nan ya zauna fiye da shekara arba'in. Arlene ba ta ba kowa sitiyari. Daga baya ma tuƙin ya zama sana'arta, ta yi shekara ashirin da takwas tana jan bas ɗin 'yan makaranta.

Mantuwa ta fara mata a hankali. Yau ta sa takalmi a firji, gobe ta kira 'yarsu Rhonda da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ranar da ta fita sayen burodi aka tsince ta a wani gari mai nisan mil hamsin, tana zaune a gidan mai ba ta san abin da ya kai ta ba, Vernon ya karɓe makullin. Ta mare shi. A duk zamansu ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba sai ran nan. Ya shigar da motar gareji, ya lulluɓe ta da tampol, ya jefa makullin cikin wani tsohon gwangwani. Shekara huɗu ke nan.

A watan Satumban da muke magana, wata safiya ya farka bai gan ta ba. 'Yan sanda suka same ta a tsohon filin ajiye bas, da rigar barci, ƙafa ba takalmi, tana jiran a buɗe mata ƙofa ta ɗauki motarta kada yara su makara. Rhonda ta zo daga Fort Wayne, aka yi magana, aka samu gado a wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Vernon ya sa hannu a takarda shida. Ya yi zaton in ya dawo gida wani abu zai same shi. Ya zauna a kicin yana jira. Da ya ga shiru, sai ya tashi ya soya ƙwai biyu ya ci, ya wanke faranti.

Haka kwanakin suka tafi. Mutanen coci suna kawo abinci a kwano, su yi masa sannu, ya ce ya gode. Kullum da ƙarfe biyu yana zuwa ya zauna kusa da Arlene awa guda, ita tana kallon talabijin, shi yana kallon bango. Rhonda tana kira da yamma.

“Baba, ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Ka yi kuka kuwa? Ni fa kullum sai na yi.”

“Ban samu lokaci ba,” in ji shi. Ba wasa yake yi ba, amsar da ta zo bakinsa ke nan.

Wata Litinin ya shiga gareji neman tsani, ƙafarsa ta zame, saura kaɗan ya sha ƙasa. Ya duba, ya ga mai ya malalo daga ƙarƙashin tampol, ja kamar zoɓo, ya yi tafki a kan siminti. Man giya ne. Wannan kam ya san shi ko a mafarki. Ya tsaya yana kallonsa, babu tunanin Arlene a ransa, babu tunanin komai. Abu ne yake yoyo, kuma shi mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kada wannan abin ya yi yoyo. Ya yaye tampol.

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya kafa mata ƙafafun ƙarfe, ya shimfiɗa kwali ya shige ciki da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Gefen tasar duk ya jiƙe. Ai shi ke nan, gaskit ne ya mutu, robar nan da ke toshe tsakanin tasar da akwatin. Ya kwance notin, man ya kwararo masa ta hannun riga har hammata. Ya je shagon kayan mota ya sayo sabon gaskit da galan na mai, ya kankare tsohon da wuƙa, ya mayar da tasar. Wajen ɗauri ne aka samu matsala. A masana'anta inji ne yake sanin inda zai tsaya. A nan sifana ce da hannu, hannun kuma ba ya gaya masa komai. Sai ya yi ta juyawa har sai noti ya ƙi motsi, ya ƙara masa kaɗan don ya tabbata. Ya zuba mai, ya sa sabon kwali a ƙasa, ya tafi wajen Arlene.

Washegari kwalin ya jiƙe sharkaf. Yoyon ya fi na jiya.

Yana tsaye a kansa sai ga ƙarar sanda a kan siminti. Maƙwabcinsa ne, Ozell Pettiford, tsohon bakanike wanda ya yi shekara arba'in yana buɗe cikin abin da Vernon yake rufewa, har ciwon ƙugu ya zaunar da shi. Ya leƙo, ya dubi ƙasa.

“Wa ka yanka a nan?”

“Gaskit ne.”

“In ji wa?”

“In ji ni. Na canza jiya.”

“To ga shi kuwa ya ji maganarka.” Ozell ya jawo bokiti da sandarsa, ya kife shi, ya zauna a kai yana nishi. “Shekara talatin kana haɗa giyabos, ba ka san ta inda yake fitsari ba?”

“Noti goma sha uku aka ba ni. Sauran ba a tambaye ni ba.”

“Ai na sani. Ku ne kuka ciyar da ni da iyalina. Allah ya saka muku da alheri.” Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga Vernon bai taya shi ba, ya bari. “Tsoho, mai ba ya ɗiga a inda ya fito. Gangarowa yake yi ya nemi wuri mafi ƙasa. Kowa tasar yake zargi, ita kuwa baiwar Allah a ƙasa kawai ta samu kanta. Wanke min shi tas, sama da ƙasa. Sannan ka kawo hoda.”

“Wace hoda?”

“Ta jiki. Ko ka ɗauka kwalliya zan yi maka?”

Vernon ya wanke giyabos ɗin da ruwan feshi har ƙarfe ya fito fes, ya goge da tsumma. Sannan ya shiga gida. Hoda ɗaya ce a gidan, ta Arlene, tana nan a kan kantar banɗaki inda ta bar ta. Ya buɗe murfin, ƙamshin ya tashi, ƙamshin wuyanta na shekara da shekaru. Ya tsaya riƙe da gwangwanin, ya ba abin lokaci. Babu abin da ya zo. Ya rufe, ya fito da ita.

Ya barbaɗe jikin giyabos ɗin da hoda har ya yi fari fat. Ozell ya ce yanzu sai jira. Ya aike shi gidansa ya karɓo kofi da yankan kek ɗin madara biyu a hannun matarsa Bernadine. Suka zauna a bakin gareji, ganyen bishiyoyi yana zubowa a kan titi.

“Kana zuwa wurinta?” in ji Ozell.

“Kullum.”

“Yaya take?”

“Tana cin abinci.”

“Kai fa?”

“Ni ma ina ci.”

Ozell ya dube shi ta gefen ido, ya kurɓi kofi. “Wannan matar ta taɓa tsere min a kan hanyar garin Peru. Ina cikin motata sabuwa fil, Bernadine a gefe. Fitila ta ba da hannu, kafin in taka totur sai hayaƙinta na gani. Kai kuma kana zaune a gefenta ka riƙe ƙofa da hannu biyu kamar wanda za a kai wa likitan haƙori.”

“Na tuna,” in ji Vernon.

Bayan awa ɗaya ya koma ƙarƙashi da tocila. A cikin farar hodar akwai jan zare siriri. Ya bi shi da haske. Bai fara daga tasar ba. Ya faro ne daga sama, a gefen hagu, daidai inda ɗan sandan canza giya yake shiga jikin akwatin. Ya gaya wa Ozell.

“Yauwa. Akwai wani ɗan zoben roba a nan, bai fi kwabo girma ba. Motar da ta daɗe a tsaye, man da ke sama duk sai ya sauko ya taru, ya hau inda bai saba kaiwa ba. Robar kuma ta bushe tun zamanin da kake da gashi. To tasar fa?”

“Ita ma tana tsattsafo. Ta ko'ina.”

“Da me ka ɗaure ta?”

“Da sifana.”

“Har ina?”

“Har ta tsaya.”

Ozell ya dafe kai. “Kai, Vernon! Da cuta ɗaya ce, yanzu ka mayar da ita biyu. Sauke ta mu gani.”

Da aka sauke, sai ga bakin tasar duk ya lotsa a kewayen ramukan noti, sabon gaskit ya matse ya tsage wuri uku. Ozell ya sa aka ɗora bakin a kan guntun katako, ya karɓi guduma da kansa. Wannan aikin yana iya yin sa a zaune. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana bugu a hankali, yana kanga tasar da haske yana duba ta da ido ɗaya, yana mita a kan mutanen da ƙarfi ya yi musu yawa hankali ya yi musu kaɗan. Ƙarfe biyu saura kwata Vernon ya wanke hannu ya tafi.

Zoben robar ya ci musu ranar Laraba. Wurin matsattse ne, salansa ta tare hanya, kuma dole sai da yatsa ake laluben abin. Vernon ya kwance sandan, ya yi ta zungurar tsohuwar robar da ƙaramin sukundireba har ta fito gutsi-gutsi kamar busasshen ƙanzo. Sabuwar ta faɗi daga hannunsa sau huɗu. Ba ya jin lokacin da take suɓucewa, sai dai ya ji ƙararta a kan kwali. Bai yi tsaki ba, bai yi zagi ba. In ta faɗi ya laluba da ido ya ɗauka. A na biyar ta zauna, ya ɗora mata bakin soket, ƙarfen kwance noti, ya ƙwanƙwasa ta ciki.

Da ya fito, Ozell ya ce, “Miƙo hannun nan.”

“Mai ne.”

“Mai ba ya fitowa daga cikin mutum.”

Bayan hannunsa ya tsage, tun daga gaɓar yatsa har kusa da wuyan hannu. Jini da man giya sun gauraya, ba ka bambance su. Vernon ya duba kamar hannun wani aka nuna masa. Bernadine ce ta zo ta wanke ta ɗaure, tana yi wa su biyun faɗa, tsofaffi biyu da ba su san sun tsufa ba.

Ranar Alhamis Ozell ya zo da wata doguwar sifana tasa a cikin akwatin roba. Ya murɗa gindinta ya saita. “Wannan in noti ya kai inda ake so, za ta ce ƙas. Kana jin ƙas ka cire hannunka. Tunda hannu ya ƙi, sai mu yi da kunne. Kuma ban da ƙari don ka tabbata.”

Vernon ya mayar da tasar da wani sabon gaskit, ya bi notin a gicciye, wannan gefe sannan wancan. Ƙas. Ƙas. Ya sauke motar. Suka zuƙe tsohon fetur, suka sa sabon batir, Ozell ya ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta. Sau uku tana tari tana mutuwa. A na huɗu ta kama, garejin ya ɗauka, gwangwanaye suna rawa a kan kanta, hayaƙi ya cika wurin. Ozell ya daki bokitinsa da sanda yana ihu. Vernon yana zaune a kujerar direba, gwiwoyinsa sun tokare sitiyari domin kujerar a saitin Arlene take. Ya jira inji ya yi zafi, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya zaro sandar gwada mai, ya ƙara rabin kwalba. Kwana biyu suna dubawa, ƙasa a bushe.

“To yanzu fa?” in ji Ozell. “Ka mayar da tampol?”

“Ban sani ba.”

“Kai mata ita mana. Ai suna bari a fita da su ran Lahadi.”

Vernon bai ga dalilin yi ba, bai kuma ga dalilin ƙi ba. Ran Lahadi bayan coci ya ja kujerar baya, ya tuƙa motar zuwa gidan tsofaffin. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da Arlene, an sa mata rigar sanyi shuɗiya, an taje mata gashi. Ta rame. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi motar da ke ruri a gabanta.

“Wannan ta wane marar kunya ce?” ta ce. “Ba shi da maƙwabta?”

“Mama, mijinki ne ya zo fita da ke,” in ji ma'aikaciyar.

“Mijina yana wurin aiki.”

Vernon ya buɗe mata gefen fasinja. Ta shiga ba gardama, ta ɗora hannaye a cinya. Ko kallon sitiyarin ba ta yi ba. Ya ɗaura mata bel, ya zagaya.

Ya bi da ita ta gefen gari, inda ake girbin masara. Giya tana shiga sumul, daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku. Ya lura da wannan. Ya lura akwai taya ɗaya da take ɗan ja hagu. A kan hanyar dawowa suka doshi layin dogo, wanda jirgi bai fi sau biyu a mako yake bi ba. Babu fitila, shingen a ɗage. Yana shirin wucewa sai Arlene ta miƙe zaune.

“Tsaya.”

Muryarta ce ta da, wadda yara sittin suke yin tsit in sun ji. Ƙafarsa ta taka birki kafin ya yi tunani.

“Buɗe ƙofa. Ba a koya maka ba? A tsaya, a buɗe ƙofa, a saurara.”

Dokar masu bas ɗin makaranta ce. Ya buɗe ƙofarsa. Wata a-kori-kura ta tsaya a bayansu ta fara hon. Arlene ta ɗaga yatsa ɗaya, ta karkata kai, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta sake duban dama. Iska tana kaɗa busasshen karan masara. Mai a-kori-kura ya zagaye su yana faɗar abin da ya faɗa.

“To,” ta ce. “Wuce. Kada ka canza giya a kan layin.”

Ya rufe ƙofa ya haye. Bayan kamar mil guda ya ga hanya tana yi masa hazo, ya ɗauka gilashi ne, ya kunna waifa. Ba gilashi ba ne. Ya goge ido da bandejin hannunsa, abin ya wuce kamar yadda ya zo. Arlene ta riga ta koma kallon taga. Da suka isa ta ce masa, “Na gode, yaro. Amma ka rage gudu, akwai yara a unguwar nan.”

Ozell yana zaune a barandarsa lokacin da ya dawo.

“Ta gane motar?”

“A'a.”

“Kai fa?”

“A'a.”

Ozell ya gyaɗa kai.

Lahadi biyar suka ƙara yi. A biyu daga ciki ta tsayar da shi a layin dogo, a sauran ukun barci ta yi. Da ƙanƙara ta fara sauka aka soma watsa gishiri a kan tituna don ya narkar da ita, ya ajiye motar, don gishiri yana cin ƙarfe. Arlene ta rasu a watan Fabrairu, ciwon huhu, da rana tsaka, yana zaune a gefenta. Tsofaffin direbobin bas sun zo jana'iza su goma sha ɗaya, da wasu manyan mutane masu 'ya'ya da suka ce ita ta riƙa kai su makaranta. Ya gaisa da kowa. Rhonda ta ce ya dawo Fort Wayne ya zauna da su, ya ce zai duba. Har yanzu dubawa yake yi.

Yanzu duk Talata shi yake kai Ozell asibiti gashin ƙugu, a tsohuwar a-kori-kurarsa, domin Ozell ya rantse in ya shiga waccan koriyar sai an kira 'yan kwana-kwana sun zaro shi. Vernon yakan zauna a ɗakin jira da tsohuwar mujalla a cinya har a gama. In sun fito Ozell yana ɗingishi yana zagin yarinyar da take lanƙwasa masa ƙafa.

“Yunwa nake ji. Mu je wurin kifin nan.”

“Bernadine ta ce ban da soyayye.”

“Bernadine tana nan ne?”

Vernon ya kunna sigina, ya karya hagu.